Bayan Dashen Ƙashi a Dasashin Yaro Mai Tsagewar Leɓe: Bitamin D, Kalsiyam, Ko Madarar Gina Jiki?

Yaron da tsagewar leɓensa ta ratsa har cikin dasashi yana da sauran wata tiyata bayan ta leɓe da ta ganda, wato dashen ƙashi a giɓin muƙamuƙin sama. Galibi ana yin ta tsakanin shekara 8 zuwa 11, lokacin da saiwar haƙorin fiƙa na girma ta kai rabi ko kashi biyu cikin uku na tsawonta amma haƙorin bai ɓullo ba. Likita yakan ɗebo ƙashi mai laushi kamar soso daga ƙugun yaron, ya cika giɓin da shi, ya ja naman dasashi ya rufe, ya ɗinke. Likitoci biyu, Boyne da Sands, su ne suka bayyana wannan hanya a 1972, kuma har yau ita ce aka fi bi.

Da zarar an sa ranar aiki, tambayar iyaye ɗaya ce: me za mu saya wa yaro ƙashin ya kama? Wani ya ce kalsiyam, wani ya ce bitamin D, mai kanti ya miƙo kwalbar da ya ce ta haɗa komai. Gaskiyar magana, babu ƙwaya ko garin da aka tabbatar yana hanzarta kamawar dashe a jikin yaron da bai rasa komai ba. Amfanin waɗannan kaya shi ne cike abin da jiki ya gaza samu. Don haka zaɓin ya rataya ne a kan gano abin da yaronku ya rasa, da kuma sigar da bakin da ke ɗauke da ɗinki zai iya karɓa.

Abin da dashen ke buƙata

Ƙashin da aka cusa ba ya mannewa kamar siminti. Tsani ne kawai. A makonnin farko ƙananan jijiyoyin jini suna kutsawa cikinsa, jiki yana cinye tsohon ƙashin a hankali yana shimfiɗa sabo a gurbinsa. Sabon yana farawa ne da zaren furotin mai suna kolajin, daga baya kalsiyam da fosfet su zauna a kai su taurara shi. Naman dasashi yakan haɗe cikin kimanin mako biyu, amma ƙashi sai ya ci watanni, shi ya sa yawancin asibitoci ba sa ɗaukar hoton tantancewa sai wajen wata shida. Raguwar wani ɓangare na dashen ba abin tayar da hankali ba ne, an saba ganin haka.

Abubuwan da aka san suna kashe dashe kuwa ba a kwalba maganinsu yake ba: buɗewar ɗinki, shigar ƙwayoyin cuta, rashin tsaftar baki, faɗin giɓi musamman idan tsagewar ta gefe biyu ce, jinkirta aiki har fiƙa ta fito, da shaƙar hayaƙin taba a gida. Duk abin da za ku saya, a auna shi da wannan jeri. Idan zai cike ƙarancin sinadari amma ya maƙale a ɗinki, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ma'aunin da za a bi

Na farko, wane giɓi zai cike, kuma an tabbatar akwai giɓin? Na biyu, lokaci: wani abu yana aiki tun ranar farko, wani sai an yi wata biyu ana sha kafin jini ya nuna. Na uku, siga: ɗigo ne, ruwa ne, ƙwayar haɗiya ce, ko abin taunawa? Na huɗu, haɗarin wuce gona da iri da karo da wasu magunguna. Na biyar, kuɗi da daɗewa, kuma a lissafa kuɗin duka makonnin da za a ɗauka, kada a tsaya a farashin kwalba guda.

Ga adadin da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta tsayar wa yara a rana. Lissafin ya haɗa abinci da ƙari gaba ɗaya. IU ma'auni ne da ake auna bitamin D da shi.

| Sinadari | Shekara 4–8 | Shekara 9–13 | Iyakar sama (4–8 / 9–13) |
|---|---|---|---|
| Kalsiyam | miligiram 1,000 | miligiram 1,300 | 2,500 / 3,000 |
| Bitamin D | IU 600 | IU 600 | 3,000 / 4,000 |
| Bitamin C | miligiram 25 | miligiram 45 | 650 / 1,200 |
| Zinki | miligiram 5 | miligiram 8 | 12 / 23 |
| Furotin | giram 19 | giram 34 | ba a sa iyaka ba |

Zaɓi na ɗaya: abinci mai laushi kawai

Wannan shi ne tushe, sauran duk ɗori ne a kansa. Bayan aiki akan fara da ruwa-ruwa, a koma mai laushi na makonni, sau da yawa huɗu zuwa shida, gwargwadon umarnin likitan da ya yi aikin. Kofin madara na mililita 250 yana ba da kalsiyam kusan miligiram 300 da furotin giram 8. Ƙwai ɗaya yana da furotin wajen giram 6. Yaro ɗan shekara 10 da ya sha kofi uku na madara ko yogot, ya ci ƙwai biyu da aka dafa da laushi, ya riga ya cika furotin na yini, kalsiyam kuma ya kai 900, ragowar ya samu daga sauran abinci. Niƙaƙƙen kifi, wake da aka dafa ya narke, da 'ya'yan itace da aka markaɗa suna cike sauran.

Matsalarsa biyu ce. Abinci ba ya ba da bitamin D sosai, in ban da kifi mai maiƙo, gwaiduwar ƙwai da madarar da aka ƙara wa shi. Sannan yaron da bakinsa ke ciwo, ƙugunsa ke ciwo, ba lallai ya ci rabin abin da ya saba ba a makon farko. A auna nauyinsa kafin aiki, a sake aunawa duk mako. Sikeli ya fi ido faɗin gaskiya.

Romon ƙashi, wanda mutane suka ɗauka shi ne maganin ƙashi, kalsiyam ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Yana da amfani a matsayin ruwa mai ɗumi da yaro zai iya sha, amma kada a ƙirga shi a madadin madara.

Zaɓi na biyu: bitamin D

A cikin duk abin da ake sayarwa, wannan ne ya fi cancantar a yi masa tambaya tun da wuri. Idan babu shi, hanji ba ya tsotse kalsiyam yadda ya kamata, komai yawan madarar da aka sha. Kuma shi ne ake iya aunawa kai tsaye: gwajin jini na 25-OH D. Ƙasa da nanogiram 12 a mililita ƙaranci ne, 20 zuwa sama ya wadatar, tsakaninsu kuma bai kai ba. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta sakamako da wani ma'auni, inda 12 ke zama 30, 20 kuma ke zama 50, don haka a duba ma'aunin da ke kan takarda kafin a firgita ko a saki jiki.

Babban abin da iyaye ke kuskure a nan shi ne lokaci. Matakin bitamin D a jini yana hawa ne sannu a hankali, sai an yi wata biyu zuwa uku ana sha kullum kafin ya daidaita. Wanda ya fara ba yaro ranar da aka sallame su daga asibiti ya bar makonnin da sabon ƙashi ke kafuwa sun wuce. Da yake wannan tiyata ce da ake tsarawa tun watanni kafin ranarta, ana gyaran haƙora ana faɗaɗa muƙamuƙi, akwai sararin yin gwaji wata uku kafin aiki a gyara abin da ya gaza.

Yaran da suka fi buƙatar gwajin su ne waɗanda ba sa fita rana sosai ko jikinsu ke rufe koyaushe, masu duhun fata da ke zaune a ƙasashen sanyi, masu ƙiba, masu sikila, masu ciwon hanji ko hanta ko ƙoda, da masu shan maganin farfaɗiya irin su fenitoyin, kabamazafin da fenobabital, domin waɗannan suna sa hanta ta ƙarar da bitamin D da sauri.

Wajen siga ba shi da na biyu: ɗigo ne, ba ya taɓa ɗinki, kwalba ɗaya takan yi watanni, kuma yana cikin mafi araha. A ba shi tare da abinci mai ɗan maiƙo. Haɗarin yana wajen awo. Wata kwalbar IU 400 ce a ɗigo ɗaya, wata kuma IU 400 ce a mililita guda cur. Wanda ya cika bututun awo da irin ta farko ya ba yaro ninki da yawa na abin da ya kamata. Haka ma ƙwayar IU 50,000 da likita kan rubuta a sha lokaci-lokaci, an sha samun masu shanta kullum. Bitamin D yana taruwa a jiki, ba ya fita da fitsari kamar bitamin C. Idan ya yi yawa kalsiyam ya hauhawa a jini: amai, ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida, kasala, daga baya tsakuwar ƙoda. Adadin magance ƙaranci aikin likita ne. Abin da iyaye za su iya ba yaro bisa shawara ta gama-gari shi ne IU 400 zuwa 600 a rana.

Zaɓi na uku: ƙwayar kalsiyam

Ita ce ta fara zuwa a ran kowa, kuma ita ce ba kowa ke buƙata ba. Dashen ɗan ƙarami ne idan aka kwatanta da ƙasusuwan jiki, bai buƙaci a tara masa kalsiyam na musamman. Abin da ake so shi ne cin yau da kullum ya kai adadin shekarun yaro. Wanda ke shan madara ko yogot sau uku ba shi da buƙatar ƙwaya. Wanda madara ke ɓata wa ciki, ko jikinsa ba ya karɓarta, ko ba a samunta a gida, shi ne mai ita.

Iri biyu ne suka fi yawa. Kabonet kashi 40 cikin 100 na nauyinsa ne ainihin kalsiyam, wato ƙwaya mai miligiram 1,250 tana ba da 500. Ya fi araha, amma sai da abinci yake narkewa da kyau, kuma ya fi jawo taurin bayan gida da kumburin ciki. Sitret kashi 21 cikin 100 ne, ya fi tsada, ƙwayarsa ta fi girma ko ta fi yawa, amma ana iya shansa ba tare da abinci ba. Kowanne aka zaɓa, kada a wuce miligiram 500 a sha ɗaya, domin hanji ba ya tsotse fiye da haka da kyau. A lissafa abin da abinci ya ba da, a cike ragowar kawai.

Taurin bayan gida ba ƙaramin abu ba ne a nan. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna jawo shi, rashin motsi saboda ciwon ƙugu yana ƙara shi, sai kuma a ɗora kalsiyam a kai. Ya fi dacewa a jira cikin yaro ya warware kafin a fara. Kalsiyam kuma yana hana tsotsar maganin ƙarin jini, da maganin ƙarancin sinadarin maƙoshi, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifuro da dangin tetarasayikilin. A nuna wa mai harhaɗa magunguna duk abin da yaro ke sha, ya tsara tazarar awanni. Ƙwayar taunawa tana farfashewa ta zama gari mai tsakuwa-tsakuwa a baki, don haka a makonnin farko na ruwa ya fi.

Akwai rukuni ɗaya da hukuncinsu daban ne. Wasu yara masu tsagewar ganda suna ɗauke da matsalar ƙwayoyin halitta da ake kira 22q11, wadda kan zo da raunin ƙwayoyin da ke daidaita kalsiyam a jini. Irin waɗannan kalsiyam ɗinsu na iya faɗuwa a lokacin tiyata, kuma likitan yara ne ke tsara musu awo da magani.

Zaɓi na huɗu: madarar gina jiki ta asibiti

Irin su PediaSure da makamantanta, na ruwa a kwalba ko na gari. Kwalbar mililita 200 takan ba da kalori 200 zuwa 300, tare da furotin, kalsiyam, bitamin D da sauransu a haɗe. A ganina ita ce ta fi dacewa da ainihin matsalar makon farko da na biyu, wato yaro ya kasa ci. Jikin da bai samu ƙarfi ba zai ƙone furotin ɗin da ya kamata ya tafi ɗinki da sabon ƙashi.

Tana aiki nan take, amma ita ce mafi tsada idan aka lissafa kwalba ɗaya ko biyu kullum, kuma da zarar an buɗe ko an dama, sai firji, a zubar bayan awa 24. Na gari ya fi sauƙin kuɗi da ajiya, muddin ruwan damawa mai tsafta ne kuma an bi awon da ke jikin gwangwani. A ba ta tsakanin abinci, don kada ta toshe cikin yaro ya ƙi na gida. A sha da kofi ko cokali. Likitoci da yawa suna hana tsinken zuƙo, saboda zuƙar tana jan ɗinki kuma bakin tsinken na iya sokar wurin. Tana da sukari, yaran da ke da tsagewa kuma sun fi saurin ruɓewar haƙori, musamman waɗanda ke gefen giɓin. Bayan kowane sha a kurkure baki da ruwa a hankali, a ci gaba da ruwan kurkura da likita ya rubuta.

Garin furotin na masu motsa jiki ba madadinta ba ne. An yi shi ne don manya, yakan zo da ƙarin abubuwan da ba a gwada a kan yara ba.

Zaɓi na biyar: haɗin bitamin na yara

Ga yaro mai zaɓen abinci tun asali, haɗin bitamin na shekarunsa ba laifi. Yana ba da kaɗan-kaɗan na komai, kuɗinsa matsakaici ne, ƙwaya tana daɗewa. Sai dai kalsiyam ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, bitamin D ɗinsa kuma bai isa magance ƙarancin da gwaji ya nuna ba.

Mai kama da alawa, wanda yara suka fi so, shi ne mafi muni ga wannan aiki. Yana da danƙo, yana da sukari da tsami, sai an tauna, kuma yana liƙewa a ɗinki da wayar haƙora. A ajiye shi har likita ya ce dasashi ya warke. Abu na biyu shi ne ninki: haɗin bitamin, da madarar asibiti, da man hantar kifi, kowanne yana ɗauke da bitamin A da D. Bitamin A idan ya yi yawa yana raunana ƙashi. Iyakarsa maikirogiram 900 ga ɗan shekara 4 zuwa 8, da 1,700 ga ɗan 9 zuwa 13. A jera kwalaben, a haɗa lissafi.

Bitamin C, zinki da maganin ƙarin jini

Jiki ba ya iya ƙera kolajin mai ƙarfi sai da bitamin C, amma buƙatar kaɗan ce, lemo ɗaya matsakaici ya wuce miligiram 45. Ƙwayar miligiram 1,000 mai kumfa a ruwa tana da tsami, tana yi wa rauni zafi, tana cin farin haƙori, tana iya sa gudawa. Zinki yana taimakon rauni ne ga mai ƙarancinsa kawai. Iyakarsa ta kusa, wuce ta na kawo tashin zuciya, idan aka daɗe kuma ya hana jiki tsotsar sinadarin tagulla. Maganin ƙarin jini kuwa sai gwaji ya nuna ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata. Mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini yana iya kasancewa da ayon fiye da kima, a ƙara masa a cutar da shi.

Masu alƙawarin haɗa ƙashi

Garin kolajin, bitamin K2, da haɗe-haɗen ganyaye masu hoton ƙashi a jikin kwali: tsada ce babu hujja a kan dashen yara. Kolajin da aka sha ciki ne ke narkar da shi kamar kowane furotin. A Amurka, tun dokar 1994, irin waɗannan kaya ba sa buƙatar amincewar hukumar abinci da magunguna kafin a kai su kasuwa, don haka kyan kwali bai nuna an gwada abin da ke ciki ba. Wasu ma suna da haɗari a kusa da tiyata. Ƙwayoyin tafarnuwa, ginko, jinsen, bitamin E mai yawa da man kifi suna cikin abin da likitoci kan ce a dakatar kimanin mako biyu kafin aiki saboda tsoron zubar jini. A gaya wa likitan sa barci duk abin da yaro ke sha, har na gargajiya.

| Zaɓi | Kuɗi | Daɗewa da tsawon sha | Sauƙi a bakin ɗinki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Abinci mai laushi | Ƙasa | Kullum sabo | Mai kyau | Yaro ya kasa cin isasshe |
| Ɗigon bitamin D | Ƙasa | Kwalba ta yi watanni. A fara wata 2–3 kafin aiki | Mafi sauƙi | Kuskuren awo |
| Kalsiyam | Ƙasa zuwa matsakaici | Yana ajiyuwa. Muddin abinci bai cika ba | Na ruwa ya fi | Taurin ciki, karo da magunguna |
| Madarar asibiti | Sama | Awa 24 bayan buɗewa. Mako 1–3 | Mai kyau da kofi | Sukari, ƙin abincin gida |
| Haɗin bitamin | Matsakaici | Yana ajiyuwa | Banda mai danƙo | Ninkin A da D |
| Kolajin da ganyaye | Sama | Yana ajiyuwa | Ya danganta | Zubar jini, rashin tabbacin abin ciki |

Wanne ga wa

Yaro mai ci, mai shan madara, mai wasa a rana, wanda nauyinsa ya dace da shekarunsa: abinci mai laushi da tsaftar baki sun ishe shi. Kuɗin da za a kashe a kwalabe gara a sa shi a madara, ƙwai da buroshi mai laushi.

Wanda gwaji ya nuna ƙarancin bitamin D, ko yake cikin rukunin da aka lissafa: ɗigo bisa awon likita, tun kafin aiki, a sake gwaji bayan wata uku, a kuma tabbatar kalsiyam na abinci ya kai, domin ɗaya ba ya aiki ba tare da ɗayan ba.

Wanda ba ya shan madara ko kaɗan: kalsiyam na ruwa, miligiram 500 ko ƙasa a sha ɗaya, tare da bitamin D na yau da kullum. Kabonet idan kuɗi ne damuwa, sitret idan cikinsa na saurin tauri.

Wanda ya shiga tiyata a rame, ko ya kwana uku yana cin ƙasa da rabin abin da ya saba: madarar asibiti sau ɗaya ko biyu a rana, a janye ta a hankali da zarar ci ya dawo. Idan yana shanta, a dakatar da haɗin bitamin sai an yi lissafi.

Mai sikila, mai farfaɗiya, mai ciwon ƙoda ko mai 22q11: kada a sayi komai sai likitan yara da likitan tiyata sun yi magana da juna.

Idan kuma aka ga wari ko mugunya daga wurin ɗinki, zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ruwa na fitowa ta hanci in ya sha, ko gutsattsarin ƙashi kamar yashi suna zubowa a baki, a koma wurin likitan da ya yi aikin a ranar.